Kwanon Maza a Zaurenmu

Duk wanda ya ba ka labarin gidanmu a unguwar nan, rabi ya ba ka, rabin ma a karkace. Za su ce maka Baba namiji ne, ya tsaya wa ɗansa mai farfaɗiya lokacin da gari ya juya mashi baya. Za su ce ni na gado shi wajen baki. Daga nan sai su rage murya su ce, amma ƙaramin ɗan bai biyo gida ba, ɗan hali gare shi, shi ya sa anka kai shi garin Isa. Na ji wannan da kunnena wajen famfo, daga bakin wata da ba ta san ina bayanta ba, kuma ban tanka ba. Wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke rufe mani baki ba. Kunya ce ta rufe shi. Yaron nan ba ɓarawo ba ne. Yunwa ya sha, shekara da shekaru, a gidan da rumbu bai taɓa rasa gero ba, mu manya uku muna kallonsa.

Mu uku ne munka tsaya wa Inna: ni, sai Babba, sai Auta. Babba muke ce mashi don shi ne babba a maza. Yana ɗan shekara shida ko bakwai sanƙarau ya kwantar da shi wata bazara. Ya tashi, amma bai tashi duka ba. Harshensa ya yi nauyi, hankalinsa ya tsaya inda ciwon ya same shi, yawu ba ya tsayawa a bakinsa. Bayan 'yan watanni faɗuwa ta biyo.

Ranar da ya fara faɗuwa a waje, bakin masallacin unguwa ne, da hantsi. Ina dawowa daga niƙa na ga mutane sun yi da'ira, da'irar kuma mai faɗi, ba wanda ya matso. Bayan an ɗauke shi wata tsohuwa ta fito da toka ta zuba inda kumfar bakinsa ta zuba, ta kori yara kada su tsallaka wurin. A garinmu an yarda ciwon nan a yawu yake, in ya taɓa ka ka ɗauka. Kafin sati ya zagayo mai fura ta ware ludayi ɗaya ta rataye a ƙusa, na gidanmu. Maƙwabciyar da kullum ke aiko aron moɗa ta daina aikowa. Ba wanda ya zage mu. Kowa sai ya gaishe ka da fara'a, ya ce ya mai jiki, ya ja ɗansa gefe.

Sai wani kawunmu ya zo daga ƙauyensu can wajen Alkalawa, ya zauna a zaure ya ce ma Baba, don amfanin kowa, a ware ma yaron kwano da moɗa.

Baba ya ce, “Kare na haihwa da za a ware mashi kwano?”

Kawu ya ce ba haka yake nufi ba.

“To ka ji. Daga yau shi da ƙanenai kwano guda, kuma ba cikin gida ba. Nan cikin zaure, ƙohwa buɗe. Wanda ka wucewa shi gani.”

Haka anka yi. Ina bayan ƙyaure na ji, kuma wallahi ranar ji na yi kamar in yi guɗa. Auta a lokacin bai wuce shekara biyar ba. Ba wanda ya tambaye shi, kuma ban ga abin tambaya ba. A ko'ina maza 'yan'uwa kwano ɗaya suke ci. Gidanmu kamar kowane gida ne: ni da Inna muna ci a tsakar gida, Baba akushinsa na fita ƙofar gida inda yake haɗuwa da maƙwabta kowa da tuwon gidansa, yara maza kuma nasu kwanon daban. Abin da Baba ya canza kawai wurin zama ne.

Ni kuma na ɗauki faɗan a baki. A sakandare malamin kiwon lafiya ya taɓa gaya mana a aji cewa farfaɗiya matsalar ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗauka ta yawu ko ta taɓawa. Na riƙe maganar nan kamar an ba ni sanda. Ba matar da ban yi da ita ba a layin famfo. Na taɓa cire ludayin nan daga ƙusa na tsoma shi cikin ƙwaryar mai fura gaba ɗaya, sai da Inna ta je ba da haƙuri. Ana ce mani mai bakin reza, ni kuma daɗi nake ji. A ganina duk Sabon Birni gidanmu ne kaɗai ke da ilimi da imani a haɗe.

Auta yaro ne marar hayaniya. Shi ya fi kowa iya Babba. Kafin faɗuwa ta zo yakan gane, daga yadda idon Babba ke kafewa, sai ya ture duk wani abu mai kaifi, ya juya shi gefe ɗaya. In zai goge mashi baki, sai ya naɗe hannunsa cikin rigarsa har gwiwar hannu, bayan nan ya cire rigar ya wanke da toka da sabulu, ya wanke hannu har ya yi fari. Muna yaba mashi. Inna takan ce Autanta mai tsabta ne kamar ɗan asibiti.

Sai ya fara ramewa. Ba rana ɗaya ba, a hankali, yadda ba ka lura sai baƙo ya zo ya faɗa. Wuyansa ya yi tsawo, wandon da anka ɗinka mashi da ƙaramar salla ya kai babba bai matse ba. Inna ta ce shawara ce, ta jiƙa mashi saiwoyi. Baba ya ce tsutsar ciki ce, ya sayo magani a kemis. An karɓo rubutu. Wata ma ta ce a duba ko baki ne. Abu ɗaya ne ba wanda ya kawo a ransa, don kwanon maza kullum tas yake dawowa, kamar an lashe. Babba kuwa sai ƙiba yake, munka ce maganin asibiti ne.

Duk wata Inna na kai Babba asibiti karɓar magani, Auta na biye da su riƙe da gorar ruwa da takalman Babba, don ba ya son tafiya da takalmi. Na raka su ba sau ɗaya ba. Ma'aikacin asibitin mutumin kirki ne. Zai tambayi faɗuwa nawa anka yi, yana barci, yana shan maganin a kan lokaci. Auta na tsaye jikin ƙofa. Ban taɓa jin an ce, wannan fa, ya yake ba. Ni ma ban ce ba. Dangi in sun zo, gaisuwa ɗaya ce, ya mai jiki, su kawo ma Babba tsaraba, su shafa kan Auta su ce ka riƙa kula da yayanka, ka ji.

Bana da damina, wata rana bayan la'asar, tsohuwar da ke sayar da hoce, wainar dawar nan da ake gasawa, a bakin tasha ta shigo gidanmu ba ko sallama mai kyau, riƙe da wuyan hannun Auta. Hoce ɗaya na hannunsa, ya gutsuri rabi. Ta ce ba yau ya fara ba, ta daɗe tana kawar da kai saboda darajar Baba, amma abin ya ishe ta. Ba a hankali ta faɗa ba. Kafin ta fita, yaran unguwa sun cika ƙofa.

Baba bai taɓa dukan Babba ba, kuma da wuya ya daki Auta. Ranar ya karyo reshen darbejiya. Auta bai yi kuka da ƙarfi ba, Babba ne ya yi ta ihu yana dukan bango, har sai da Inna ta riƙe shi don kada ya faɗi. Da Baba ya gaji, ni na ɗora da baki. Na ce duk wahalar da munka sha muna ɗaga kan gidan nan, shi ya zo ya zubar a kan hoce. Na ce mai lalura bai ba mu kunya ba sai mai lafiya. Yana tsugune yana kallon ƙasa. Ban tambaye shi dalili ba. Na riga na san dalilin, a tunanina: kwaɗayi.

Baba ya yanke cewa a kai shi Isa wajen Gwaggo, yayar shi Baban, ya zauna can har ya shiryu. Gwaggo mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce, gidanta ba a wasa. Ni anka ce in kai shi, don Baba na kan noma, Inna kuma ba ta barin Babba.

Munka bari rana ta ɗaga sosai kafin mu kama hanya, don hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata yamma. Ɗan kabu-kabun ɗan unguwarmu ne, mai surutu. Auta na tsakiya, ni a baya da ledar kayansa. Da munka ɗan yi nisa sai mutumin ya waigo ya ce, “Ke, ki lalaba ki ji ko yaron ga na nan? Ni dai ban ji nauyinai ba. Kamar buhun ƙaiƙayi na ɗauko.”

Na ce ya duba gabansa ya bar mu.

“Allah ba ki haƙuri, Hajiya. Ni dai na ce ku riƙa ba shi tuwo, kar iska shi ƙwace muna shi.”

Hannuna na kan ƙirjin Auta ina riƙe da shi saboda ramuka. Ƙasusuwansa nake ji ɗaya bayan ɗaya. Na ji wani abu, amma na danne, don har lokacin fushi nake.

Mun iske Gwaggo tana matsar tunkuza, hannu duk mai. Ta dubi Auta daga sama har ƙasa ta ce, “Wanga shi na ɓarawon? Wanga ko kaza ta kore shi ai sai shi hwaɗi.” Ɗanta na ƙarshe, sa'an Auta, ya leƙo yana dariya ya ce, “Sannu da zuwa, sarkin hoce.” Taubasai ne, wasa ya halatta, amma Gwaggo ta jefe shi da murfin kwano ta ce ya je ya wanke hannu.

Dambu ta yi da zogale, ta zuba mai har yana ƙyalli. Anka ajiye ma yara maza nasu a babban faranti, ɗanta da jikokinta biyu, sunka zagaye. Auta ya tsaya jikin bango.

Gwaggo ta ce, “Kai, zamna ka ci.”

Bai motsa ba.

“Ko sai an yi maka kiɗi?”

Ya ce, a hankali, ko za a zuba mashi nasa a murfi.

Nan raina ya ƙara ɓaci. Ka zo gidan mutane da sunan sata, kuma ka tsaya zaɓen kwano. Na ja shi da hannu zuwa bayan ɗaki, wajen turken awaki, inda ba mai jinmu.

Na ce, “Mi ka damunka? Ƙyamarsu kaka yi?”

Ya ce a'a.

“To mi?”

“Kar in sa masu.”

“Ka sa masu mi?”

“Ciwon Babba.”

Na tsaya ina kallonsa. Na ce wa ya ce mashi yana da ciwon Babba.

Ya ce, “Ai shina cikina, Yaya. Bai dai hito ba tukuna.”

Ya faɗe shi ne kamar yadda za ka ce gobe kasuwa. Ba kuka, ba komai. Sauran sai da na riƙa jawowa kamar guga daga rijiya mai zurfi. Yara a makaranta sun daɗe da gaya mashi. Ba mai shan ruwa a bayansa, ba mai gutsurar rakensa. Ya ji abin da Kawu ya ce ranar nan, ya ga tokar da anka zuba bakin masallaci. Tun daga lokacin, in an ajiye kwano, yakan yi sauri ya yanki loma ɗaya daga gefensa kafin Babba ya sa hannu. Da hannun Babba ya shiga miya, shi ya gama ci. Sai ya riƙa kai hannu yana dawowa da shi baki ba komai, yana tura tuwon gefen Babba da yatsa, don Baba na zaune ƙofar gida yana hango su. Ranar da yawun Babba ya riga shi ɗiga a kwano, ko lomar ɗayar babu. Da kunun safe yake rayuwa, da ɗan abin da ya tsinta: ƙanzo in Inna ta manta tukunya, aduwa, gyaɗar da ta zube a tasha. Duk da haka yana ganin lomomin da ya ci sun isa, ciwon ya riga ya shiga, jira kawai yake.

Na ce, “Kai wane irin sakarai ne? Ba ka ji ni kullum ina gaya ma mutane ba a ɗauka?”

“Na ji.”

“To?”

“Na aza masihwa ce kawai. Ke ai da kowa kina yi.”

Shi ya ci gaba, yana wasa da igiyar akuya.

“In ba a ɗauka, don mi ke ba ki ci da shi? Inna ba ta ci da shi. Baba ba shi ci da shi. Ni ɗai.”

Na so in ce ai ni mace ce, da Inna nake ci. Na so in ce Baba maigida ne, da manya yake ci. Gaskiya ne duka, kuma da na jera su a raina sai na ji yadda za su sauka a kunnen yaro. Tun ranar da Baba ya yi rantsuwarsa a zaure, ba babba ko ɗaya a gidanmu da ya taɓa sa hannu cikin kwanon nan. Ba ƙyama ta hana mu ba, na rantse. Tsarin cin abinci ne kawai, kowa da kwanonsa tun kakanni, ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba. Baba ya samu suna, ni na samu bakin magana, wanda ke zama gaban kwanon kullum safe da yamma ɗan shekara biyar ne da ba a yi ma bayani ko sau ɗaya ba.

Na ce to shi a ganinsa don me Baba ya haɗa su.

Ya ce, “Na aza ba da ni yay yi. Don Babba shi samu ɗan'uwa irinai, kar shi zamna shi ɗai.”

“Kuma ka yarda?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Ina son Babba. Tsoro dai nika ji.”

Ban san lokacin da na tsuguna ba. Na yi mashi bayanin malaminmu, tiryan-tiryan, wannan karon ba da ihu ba. Na ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake, sanƙarau ne ya bar mashi tabo, ko randa guda ta yawu ka sha ba ya kama ka. Yana ta gyaɗa kai. Na ɗauka an gama.

Gwaggo ta zuba mashi dambu a kwano shi kaɗai. Ban taɓa ganin ɗan'adam ya ci abinci haka ba. Ba ya ko taunawa. Taubashinsa ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar uwarsa, ya rufe. Ni kuma, don in nuna mashi abin da na faɗa, na miƙa hannu zan ɗiba daga kwanonsa. Sai ya janye kwanon da sauri ya rufe da ƙirjinsa.

“Yaya, kar ki.”

Ashe duk gyaɗa kan nan ladabi ne. Maganar minti kaɗan ba ta ture abin da ya gani da idonsa shekara da shekaru.

Na gaya ma Gwaggo komai a ɗakinta. Ta daɗe tana goge hannu da zane. Can ta ce, “Ubanku tun shina yaro haka shike. In yaƙ ƙulla gaba da gari, ba shi duba ƙahwatai shi ga wa yat taka.” Na fara zuba, ina cewa laifin Baba ne, ina cewa laifin Inna ne. Ta katse ni.

“Ke rufe man baki. Uwakki rabon da ta yi barci ido biyu rufe tun kina aji nawa? Wa yat taɓa zamna da ita yac ce, ga yadda za ki yi da mai lahiyar? Ni da nika yayar ubanku, in na zo, wa nika tambaya? Kowa mai jiki, mai jiki. Ke mai boko, da kika da bakin, ina kinka kai shi? Hwamfo.”

Ta ce a bar mata shi zuwa kasuwa mai zuwa ya ɗan yi nama, ba don sata ba. Da zan tafi Auta ya biyo ni har bakin hanya. Bai ce in tafi da shi ba. Cewa ya yi in gaya ma Inna, in idon Babba ya kafe a ɗauke butar ƙarfe daga kusa da shi, don can yake yawan faɗawa.

Na iso gida kafin la'asar ta yi sanyi. Inna na tankaɗe. Ban iya kewaye-kewaye ba, a tsaye na faɗa mata duka, ko mayafi ban cire ba. Ta ajiye rariya, ta zauna kan turmi. Abin da ta fara cewa shi ne, “Kwanon fa tas shika dawowa.” Ta sake faɗa. Sai ta ce, “Ni ɗa guda nika kwana da shi nika tashi da shi a rai. Wancan in na dube shi na ga shina tahiya da ƙahwahunai, sai in ce alhamdu lillahi, in juya.” Ba ta yi kuka ba sai da ta tuna jiƙon shawara mai ɗacin nan da ta riƙa ɗura mashi a cikin da ba komai.

Baba ya fi wuya. Na same shi a zaure bayan ya dawo gona, yana cire ƙaya a ƙafa. Na durƙusa na faɗa. Bai ɗago ba har na gama.

Ya ce, “To mi kika so? In raba kwano, gari shi ce ashe su ad da gaskiya?”

Na ce ban ce a raba ba.

“To?”

Na ce ko a mai da kwanon cikin gida mu ci gaba ɗaya.

“In ɓoye shi kenan. Bayan shekara nawa.”

Na ce to shi ya riƙa ci da su.

Ya dube ni kamar na zage shi. Maigida ya bar abokan cin tuwonsa a ƙofar gida ya zauna cikin yara, wannan a wajensa ba magana ba ce. Na ga ransa ya ɓaci, na kuma ga wani abu bayan ɓacin ran, wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, har na kawar da kaina. Ba daɗi ka ga ubanka yana jin kunya. Ya ci gaba da tonon ƙayar da na tabbata ta riga ta fita.

Can ya ce, “Ya ci abinci can?”

Na ce ya ci.

“Da yawa?”

Na ce har sai da Gwaggo ta karɓe kwanon kada ya yi amai.

Ya tashi ya ɗauki buta ya nufi masallaci, ko kiran salla ba a yi ba. Bai ce a ɗauko yaron ba, bai ce kada a ɗauko shi ba. Har yau da nake rubutun nan bai sake tada maganar ba, sai dai Inna ta ce akushinsa na dawowa da saura.

Babba kuma tun da Auta ya tafi ba ya cin na kirki. A ajiye mashi kwano a zaure, sai ya zauna yana kallon ƙofa yana kiran Auta da harshensa mai nauyi. Shi bai san an yi komai ba. Ƙanensa kawai yake nema.

Na gaji da jiran Baba ya yi magana, kuma na san ba zai yi ba. Ranar kasuwa za ni Isa in ɗauko Auta. Ba izini zan nema ba, gaya mashi zan yi da safe, in ya hana sai ya hana da bakinsa. Ranar karɓar magani ni zan raka Inna, in ja Auta daga jikin ƙofa in tsayar da shi gaban ma'aikacin nan, in ce ya gaya mashi da bakinsa, ya kuma gaya ma Inna abin da za ta riƙa tambayar yaron. Kwano kuma yana nan a zaure yadda Baba ke so, ƙofa buɗe. Sai dai zan shimfiɗa tabarmata in zauna da su. Na san budurwa ba ta cin abinci a zaure, na san abin da za a ce, na san abokan Baba na ganina daga inda suke. Daga gefen Babba zan riƙa yankar lomata, bayan ya sa hannu, Auta na kallo. Ba zan ce mashi ci ba. Zan dai zauna nan safe da yamma har ranar da ya kai hannu na biyu da kansa.